Tambaya da Amsa: Wa Ke Ba Yaro Labarin Nan?

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan muryar mai ba da labari a littattafan yara. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su, ga kuma amsoshinmu.

Tambaya: Ni malamar firamare ce, ina rubuta wa yara 'yan shekara 9 zuwa 11 gajerun labarai. Hausata daidai take, labaran kuma suna da ma'ana, amma sai in ga yaro ya karanta shafi biyu ya ajiye. Na nuna wa wani edita, ya ce wai labaran ba su da murya. Me yake nufi, alhali rubutu ba ya magana?

Amsa: Malama, rubutu yana magana, a cikin kan mai karatu. Duk wanda ya buɗe littafin labari, kafin ya ci layi huɗu zai fara jin kamar akwai wani a gefensa yana faɗa masa. Abin da editan ke nufi shi ne yaran sun kasa kunne ba su ji kowa ba. Abubuwa na ta faruwa a kan takarda, amma babu alamar wanda ya gani, balle wanda abin ya dama.

Bari mu ɗauki abu guda mu faɗe shi ta hanya uku. Ga ta farko:

"Wata rana wata yarinya ta tashi da safe. Ta duba jakar makarantar yayanta, ta ga kyanwa ta haihu a ciki. Ta yi mamaki ƙwarai."

Babu kuskure a nan ko ɗaya, sai dai kowa ma zai iya rubuta wannan, kuma babu wanda zai tuna da shi gobe. Ga ta biyu:

"Ni dai na rantse ba biro na je ɗauka ba. To, ko da biron ne ma, ai dubawa kawai zan yi in mayar. Ina zura hannu a jakar Yaya sai na ji wani abu mai ɗumi ya motsa. 'Ya'yan kyanwa huɗu, idanu a rufe, kwance a kan littafin lissafinsa."

Ga ta uku:

"Kyanwar gidan nan ba ta taɓa neman shawarar kowa ba, ranar haihuwarta ma ba ta nema ba. Ta duba ƙarƙashin gado, ta raina. Ta duba bayan ƙofa, ta raina. Sai ta hango jakar makaranta a buɗe, ta ce yauwa."

Duba abin da ta biyun ta yi a jimla huɗu. Mun gane yarinyar ta saba taɓa kayan yayanta, domin ta fara kare kanta tun ba a tuhume ta ba. Mun ji ɗumin kafin mu ga 'ya'yan kyanwar, kamar yadda hannunta ya riga idonta. Ba a ce ta yi mamaki ba, mai karatu ne ya yi mamakin da kansa. Ta ukun kuwa babban mutum ne mai zolaya, wanda yake ƙaunar kyanwar, kuma maimaita "ta raina" ya ba shi wani takun da yaro zai iya bi har ya riga shi faɗa.

Kafin ki sake rubuta kowane labari, ki amsa wa kanki abu huɗu a takarda dabam: wa ke magana, wa yake gaya wa, me ya sa yake faɗa yanzu, kuma me bai sani ba. Na ukun ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi ba murya ƙarfi. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, akun da ke ba ɗan sarki labarai yana da buƙata a ransa, so yake ya riƙe yaron kada ya fita. Mai ba da labarin da ke neman wani abu a wurin mai saurarensa ba ya magana sakaka. Naki na iya zama yarinya mai neman a yafe mata, ko yaro mai son a yarda ba ƙarya yake yi ba.

Dalilin da ya sa wannan ya fi nauyi a littafin yara biyu ne. Babba yakan jure wa shafi talatin masu sanyi don an ce masa daɗin yana gaba. Yaro ba ya ba da irin wannan bashin. Na biyu ya shafi rubutunmu kansa. Hausar boko ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "ya tafi" na iya zama labarin abin da ya wuce, yana kuma iya zama umarni, "kai" na iya zama na jiki, ko kai da ake magana da shi, ko kai saƙo. Mai karatu yana zaɓen furucin ne daga yadda jimlar ke tafiya. Idan jimlar ta bi hanyar da bakin mutum ke bi, yaro yana cankar daidai tun karon farko. Idan kuwa ta sandare kamar rahoton ofis, sai ya yi tuntuɓe ya koma baya, sau uku ko huɗu a shafi ɗaya, daga nan sai ya ajiye.

Tambaya: Ni matashi ne, ina kan littafina na farko na yara. Wanne ya fi, in sa yaron ya ba da labarinsa da "ni", ko in ba da shi da "shi"?

Amsa: Ɗan'uwa, kowanne yana da abin da yake bayarwa da abin da yake hanawa, kuma da hanin ya kamata ka yi zaɓi. "Ni" yana jawo mai karatu kusa nan take, amma yaron ba zai iya faɗin abin da aka yi a bayan idonsa ba. Dole labarin ya iso masa ta bakin wani, ko ta wasiƙa, ko ya laɓe ya ji. Laɓewar nan idan ta wuce sau biyu a littafi ɗaya, masu karatu za su gane dabarar marubuci ce. Matsala ta biyu ita ce ɗan shekara 10 da ke magana kamar malamin jami'a. Wurin da ake kama wannan shi ne kamance. Duk abin da yaron zai kwatanta da wani abu, ya zama daga abin da idonsa ya taɓa gani. Zai ce gabansa ya faɗi kamar lokacin da malami ya ce a fito da aikin gida. Ba zai ce baƙin ciki ya lulluɓe shi kamar gajimaren ƙaddara ba.

"Shi" ko "ita" yana ba ka sarari, sai dai yana da nasa ramin. Wani masanin adabi Bafaranshe, Gérard Genette, ya raba tambaya biyu a 1972 waɗanda ake yawan cakuɗawa: wa ke gani, wa ke magana. Kana iya magana da bakinka amma kana gani da idon yaron. Kuskuren shi ne tsalle daga kai zuwa kai, a faɗi abin da ke ran yaro a layi ɗaya, a faɗa ran mahaifiyarsa a na gaba, a koma na maƙwabci. Ƙaramin mai karatu sai ya rasa wanda zai bi. Ka riƙe ido ɗaya a babi ɗaya. In dole sai biyu, a canza a farkon babi, a sa sunan mai maganar a sama.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da Hausa. Labari yana tafiya ne da "suka", "muka", "aka": suka fito, suka duba, aka kira su. Idan ka jefa "sun fito" a tsakiyar jerin, tafiyar ta tsaya, maganar ta koma rahoto. Ka ajiye "sun" don abin da ya riga ya faru kafin wurin da ake: "Ko da muka isa, sun tafi."

Idan kana son mai ba da labarin da ba ya faɗin gaskiya duka, irin wanda wani masanin adabi na Amurka, Wayne Booth, ya yi wa suna a 1961, wato mai ba da labarin da ba a dogara da shi, yara daga wajen shekara 8 suna jin daɗinsa ƙwarai, don suna son su riga shi ganewa. Sharaɗin shi ne ka shuka alama biyu ko uku a fili kafin asirin ya tonu. A littafin hoto na ƙanana, wanda yawanci shafi 32 ne, hoton ne ke yin wannan aikin: rubutu ya ce "ban ji tsoro ba", hoto ya nuna shi a ƙarƙashin tebur.

Tambaya: A matsayina na uba, ina son littafin da zai koya wa 'ya'yana tarbiyya. Ba na jin wannan zancen murya ya fi darasi muhimmanci.

Amsa: Alhaji, muna tare da kai a kan darasin, kuma don darasin ya shiga ne muke nanata muryar. Abin da ke faruwa a littattafai da yawa shi ne yarinya ce ke ba da labari tun farko, sai a sakin layi na ƙarshe muryarta ta ɓace, wani babba ya karɓe da "saboda haka yara ku sani". Yaro yana jin wannan canjin sarai, kuma a nan yake janye hankalinsa, domin wadda ya amince da ita ta tafi. A bar darasin a bakin yarinyar, gwargwadon fahimtarta. Idan ta ce "Tun daga ranar, in na ga jakar Yaya sai in sa hannuna a baya", an isar da saƙon, kuma ɗanka ne zai ƙarasa shi a ransa. Haka karin magana: a ba mai hali ɗaya a labarin, wanda ya dace da bakinsa, kada a raba wa kowa.

Tambaya: Ko ya halatta in rubuta da karin harshen yankinmu da kalmomin yayi na yara don muryar ta fito?

Amsa: A cikin zancen masu magana, ƙwarai kuwa, amma kaɗan ya isa. Kalma biyu ko uku da mutum ɗaya ke maimaitawa sun wadatar a gane shi. Ƙa'idojin rubutu kuwa ba a taɓa su, musamman raba kalmomi da baƙaƙe masu lanƙwasa, domin daga littafinki yaro ke koyon yadda ake rubutawa. Kalmomin yayi su ne suka fi saurin tsufa. Abin da ake yayi bana, kafin littafin ya kai bugu na biyu ya zama maganar yayye.

Tambaya: Na gama rubuta littafi mai babi 12. Ta yaya zan gane muryar ta tsaya daram daga farko har ƙarshe?

Amsa: 'Yar'uwa, da kunne ake gane wannan, ido yakan yafe abin da kunne ba ya yafewa. Ki ciro kalma kamar 300 daga babi na 1, wasu 300 daga na 6, wasu daga na 12. Kowane kashi bai wuce minti biyu zuwa uku ba in ana karantawa a bayyane. Ki ba wani ya karanta miki su a jere, ke kina riƙe da kwafi da fensir. Kada ki karanta da kanki, don bakinki zai gyara abin da hannunki ya ɓata ba tare da kin sani ba. Duk inda mai karatun ya yi tuntuɓe, ko numfashinsa ya ƙare kafin jimla ta ƙare, ki sa alama. Jimlar da ta haura kalma 20 a littafin 'yan shekara 7 zuwa 9 abar dubawa ce, amma kada ki yanka duka su zama tsawo ɗaya. Gajerun jimloli goma a jere suna gundura kamar dogaye.

Abin da aka fi samu shi ne babi na 1 yana da rai, na tsakiya ya koma "sai ya yi kaza, sai ya yi kaza", domin hankalin marubuci ya koma kan kai labarin ƙarshe. Maganinsa takardar murya, shafi ɗaya tak da za ki ajiye a gabanki kina gyara. Ki rubuta kalmomi biyar da mai ba da labarin ke yawan faɗa, da biyar da ba zai taɓa faɗa ba. Ki rubuta abin da yake fara lura da shi in ya shiga ɗaki, ƙara ne, ko fuskar mutane, ko inda ƙofar fita take. Ki rubuta abin da yake yi in ya ji kunya, shiru yake yi ko surutu yake ƙarawa. Sannan ki bi babi-babi ki auna.

Kalmomin amsa-kama, irin su kwatsam, tsit, zumbur, wuf, cak, suna saurin sa wa jimla rai, shi ya sa ake cika su har su daina aiki. Ɗaya ko biyu a shafi sun isa, kuma a ajiye su inda abu ya juya da gaske. Idan "kwatsam" ta zo sau biyar a babi ɗaya, ta biyar ɗin ba ta firgita kowa.

Gwaji na ƙarshe na masu magana ne. Ki ɗauki shafin da mutum uku ke zance, ki rufe duk "in ji wane" da "wance ta ce", ki karanta wa yaro ɗan shekarun da kika rubuta wa, ki tambaye shi wa ya faɗi kowane layi. Inda ya kasa bambancewa, mutum biyu ne ke magana da baki ɗaya, sai ki koma ki ba ɗayansu gajerun jimloli, ko ɗabi'ar amsa tambaya da tambaya, ki sake gwadawa da wani yaron da bai ji karon farko ba.