Amsa: Mu rufe shaguna ne ko mu kai ƙorafi?

Ɗan'uwa, ka ce an yanka muku haraji mai nauyi a layinku na Kantin Kwari, kana tambaya ko ku haɗa kai ku ƙi biya gaba ɗaya. Ni dai ban ba ku wannan shawarar ba. Ƙin biya kai tsaye kofa ce ta tara da garƙame shago, kuma mai ƙaramin jari ne zai fi shan wuya.

Harajin kuɗin shiga na ɗan kasuwa mai zaman kansa na jiha ne, wato hukumar tara haraji ta jihar Kano (KIRS) ke karɓa, ba Abuja ba. Idan takardar ƙiyasi ta zo, doka ta ba ka kwana 30 ka rubuta rashin amincewa. Ku rubuta tare ta hannun ƙungiyarku, kowa ya haɗa littafin cinikinsa da rasitansa. In ba a saurare ku ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Sannan sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe wa duk wanda kuɗin shigarsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba, kuma yaran shago da yawa suna ciki ba su sani ba.

Kano ba baƙuwar wannan gwagwarmaya ba ce. Tun zamanin jam'iyyar NEPU Malam Aminu Kano ke yaƙi da haraji da jangali, sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su. Shekara kusan talatin aka yi ana fama kafin a soke su.

Af, kada ku ba kowa kuɗi a hannu ba rasit, ko da ya zo da kaki.