Amsa ga ƙanenmu mai shirin zuwa Bali hawan igiyar ruwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce za ka je Bali, tsibirin nan na ƙasar Indonesiya, hutun sati biyu, kana son koyon hawan igiyar ruwa da allo, kana tambaya ko akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka shiga teku. Akwai kam. Na ga gara in amsa a nan don wani ma ya amfana, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Abin da baƙo ba ya gani shi ne, akwai layi a cikin ruwan nan. Daga bakin teku za ka hango mutum ashirin ko talatin zaune kan allunansu, kamar kowa gaban kansa yake yi. To kowannensu ya san wa ya riga shi zuwa, wa ya hau yanzu, wa ke biye. Igiyoyi masu kyau ba su da yawa. Sukan zo ne jere, uku, huɗu, biyar, sai teku ya lafa, a yi minti goma ko fiye ana jira. Kuma igiya ɗaya mutum ɗaya take ɗauka. Duk ladabin wasan nan daga wannan ƙarancin ya samo asali.

Wa ke da igiya? Wanda ya fi kusa da inda ta fara karyewa, wato inda farin kumfa ya fara zubowa. Shi kenan, tasa ce. In kai ma ka taso a gabansa ka hau, ka tare masa hanya, kuma yana tafe da gudu. Wannan shi ne laifi mafi girma a ruwa. Ni kaina na taɓa yin sa a farkon koyona. Hankalina duk yana kan in miƙe tsaye, ban waiga ba, sai ihu na ji a bayana. Wani dattijo ne ɗan garin, dole ya faɗa ruwa don kada allonsa ya sare ni. Wallahi har yau ina tuna yadda ya dube ni. Na ɗaga hannu na ba shi haƙuri, ya gyaɗa kai, ya nuna mini can gefe inda masu koyo suke. Saboda haka kafin ka taso, waiga dama, waiga hagu. In da mutum, janye. In ka yi kuskure, ba da haƙuri nan take, kada ka tsaya bayani.

Akwai kuma masu wayon zagayawa ta bayan wanda ke jira su shige wurin da ya fi kusa, wai don igiyar ta zama tasu. Kowa na gani, kuma ba a mantawa.

Wajen komawa ciki bayan ka sauka, kada ka bi ta tsakiyar inda ake hawa. Zagaya ta gefe, inda ruwa ke da zurfi ba ya karyewa. In ka ga wani ya taho kanka kuma ba mafita, nufi wajen kumfan, ka bar masa fuskar igiyar. Kumfan zai buge ka, ka sha ruwan gishiri, amma haka ake yi. Sannan don Allah kada ka saki allonka. Allon masu koyo yakan kai ƙafa 8 ko 9, robar da ke ɗaure shi da ƙafarka ita ma kusan tsawonsa ce, ka ga duk wanda ke bayanka cikin wannan tazara zai iya samun rauni a kai.

Maganar wuri kuma, na san hotunan Uluwatu, sanannen wurin hawan igiyar ruwa na Bali, ka gani. Ba naka ba ne tukuna. Ƙarƙashin ruwan duwatsun murjani ne masu kaifi, in ruwa ya janye suna dab da kai, kuma yankansu yana saurin ruruwa. Fara daga bakin tekun Kuta inda ƙasan yashi ne, ka ɗauki malami ɗan garin, allo mai laushi. Ka kula da tutocin masu ceto. In ka ji ruwa na jan ka ciki, kada ka yi kokawa da shi, riƙe allonka ka bi ta gefe, daidai da gaɓa, har ka fita daga hanyarsa.

To yanzu abin da ya fi damuna, mutanen wurin. Mai hutu yakan ɗauka tunda ya biya kuɗin jirgi da masauki, tekun ma ya shiga cikin abin da ya saya. Amma yaron da ka gani a ruwa da asuba, nan aka haife shi, wataƙila awa ɗaya ce kawai gare shi kafin ya tafi aiki, aikin ma na yi wa baƙi hidima ne. In ka ga an bar wa 'yan gari igiyar da ta fi kyau, kada ranka ya ɓaci. Ka yi gaisuwa, ka zauna gefe, ka jira. Da kansu za su ce maka tafi, wannan taka ce.

Wasan ma asalinsa na mutanen tsibirai ne. A Hawai tun kafin zuwan Turawa ake yin sa, har sarakunansu na da nasu dogayen alluna. Ya ja baya sosai a ƙarni na 19, sai irin su Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a ninƙaya a gasar Olamfik ta 1912, suka farfaɗo da shi suka kai shi har Ostireliya. Ko a Olamfik ta 2024 ta Faris, gasar hawan igiyar ruwa a tsibirin Tahiti aka yi ta. Ka ga duk wanda ya zo daga waje, aro ya yi.

A kan tudu ma haka. Yawancin mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne. Kowace safiya za ka ga 'yan ƙananan faifai na ganyen kwakwa da furanni da turare a ƙofar shago, a gefen hanya, har kan yashin bakin teku. Na ibadarsu ne. Ba wanda ya ce ka yi imani da shi, kawai ka dubi ƙasa kada ka taka. In ka tarar da jerin gwano sanye da fararen kaya sun nufi teku, kauce musu da allonka, kuma kada ka cusa waya a fuskar mutane sai ka nemi izini. In za ka shiga harabar wurin bautarsu, akwai zanen da ake ɗaurawa a ƙugu, ɗaura shi. Da ka bar bakin ruwa kuma ka sa riga, kada ka shiga gari da gajeren wando kaɗai. Ba da abu da hannun dama, kuma kada ka shafa kan yaran mutane, kai yana da daraja a wurinsu. In ka tsallaka tsibirin Lombok da ke maƙwabtaka da Bali, can yawancinsu Musulmi ne, suturar ta fi haka ma.

Sai ka duba man kariyar rana da za ka shafa. Wasu sinadaransa na cutar da murjani, har Hawai ta hana sayar da irinsu daga 2021. Gara ka sa riga mai dogon hannu ta shiga ruwa. Roba ko leda kuma, duk abin da ka zo da shi ka koma da shi.

Yawwa, na kusa mantawa. Suna da ranar shiru da ake kira Nyepi, yawanci cikin Maris take faɗowa. Daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na safiyar gobe ba fita, ba hayaniya, ba kunna fitilu a waje, filin jirgin sama ma rufe shi ake yi, kuma dokar ta haɗa da baƙi, ba zuwa bakin teku. Turo mini ranakun tafiyarka in duba maka ko ta faɗo ciki, kafin ka biya kuɗin tikiti. Ka gaida mutanen gida.