Amsa: Ana iya yin CT na zuciya ga mai bugun zuciya mara tsari?

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya bai wa Baba lafiya. Ka ce yana da atrial fibrillation, wato bugun zuciya mara tsari, likita ya rubuta masa CT na zuciya, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, amma wani ya ce maka hoton ba zai fito ba. Eh da can akwai gaskiya a ciki, domin na'urar tana ɗaukar hoto ne a ɗan tsakanin bugu da bugu lokacin da zuciya ta ɗan lafa, to idan bugun yana tsalle ba tsari sai hoton jijiyoyin ya fito dishi-dishi. Amma injinan yanzu masu layin ɗaukar hoto 256 ko 320 suna iya kama zuciyar gaba ɗaya a bugu guda, don haka ka fara tambaya wane inji ne da su a wurin.

Yawanci suna son bugun ya sauko wajen 60 zuwa 65 a minti, shi ya sa ake ba da metoprolol, maganin rage saurin bugun zuciya, kafin a fara, in Baba na da asma lallai ku faɗa musu kafin a ba shi maganin. Sannan ruwan da ake ɗurawa ta jijiya yana da sinadarin aidin, don haka sai an duba ƙoda tukuna.

In kuma don aikin ƙona wurin da ke rikita bugun a cikin zuciya ne ake shirin yi, hoton ne zai nuna jijiyoyin huhu da ke shiga zuciya, ya kuma duba ko jini ya daskare a wani ɗan aljihu da ke ɗakin hagu na sama na zuciya, domin daskararren jinin nan na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Don Allah kar ya daina shan maganin tsinka jini saboda hoton sai likita ya ce.