Shin ChatGPT zai raba sakatariya da kujerarta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni sakatariya ce a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, kuma da tafireta na fara aiki kafin a kawo mana kwamfuta. A 'yan watannin nan ogana ya daina kirana in ɗauki shifta, domin da kansa yake rubuta wasiƙu da takardun sanarwa da ChatGPT, manhajar nan mai yin rubutu da amsa tambayoyi, a wayarsa, sai dai ya turo mini in fitar a takardar ofis in kai masa ya sa hannu. Abin ya fara tayar mini da hankali, ganin cewa da sauran shekaru kafin in yi ritaya. Shin aikin namu ya zo ƙarshe ke nan? Me ya kamata in yi?
Daga wata mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba zan ce hankalinki ya tashi a banza ba, domin rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a watan Agustan 2023 ya nuna cewa a cikin dukkan rukunin ma'aikata, akawuna da sakatarori ne wannan fasaha ta ƙirƙirarriyar basira ta fi shafa. An ƙiyasta cewa kusan kashi 24 cikin 100 na ayyukan da suke yi a kullum na'urar za ta iya ɗauke yawancinsu, wasu kashi 58 kuma za ta taɓa su gwargwado, sannan abin ya fi faɗawa kan mata saboda su ne suka fi yawa a irin waɗannan kujeru. Sai dai rahoton ya ƙare a kan cewa a mafi yawan sana'o'i fasahar za ta sauya yadda ake aikin ne, ba ta shafe shi baki ɗaya ba.

Ke kanki kin ga irin wannan sauyi. Lokacin da kwamfuta ta shigo ma'aikatu, ɗakin masu buga tafireta ya mutu, kuma babu wanda ya sake farfaɗo da shi, amma sakatariyar da ta koyi manhajar rubutu ta Word ta ci gaba da zama a ƙofar darakta. Haka aka yi a Amurka bayan fitowar manhajar lissafi ta VisiCalc a 1979 da waɗanda suka biyo bayanta, irin su Excel: guraben ƙananan akawuna masu tara lambobi da hannu sun ragu da dubban ɗaruruwa, yayin da adadin akantoci masu nazarin lissafin ya ƙaru. A aikin gwamnati kuwa ba kasafai ake sallamar ma'aikaci don an sami na'ura ba. Abin da aka fi yi shi ne a bar shi a kujerarsa ba tare da aikin kirki ba, idan ya yi ritaya kuma a ƙi ɗaukar wani a gurbinsa. Saboda haka abin da ya fi kamata ki ji tsoro shi ne a mayar da ke saniyar ware, kuma wannan kina da ikon hana shi.

Dalilina shi ne yadda na'urar take aiki. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022, mutane da yawa suke ɗaukarsa a matsayin ma'ajiyar ilimi, alhali abin da yake yi shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabace ta, bisa tarin rubuce-rubucen da aka horar da shi da su. Ya yi kama da sabon akawu mai saurin hannu da daɗin alƙalami wanda bai iya cewa "ban sani ba", idan ya rasa amsa sai ya ƙirƙiro ta ya rubuta da cikakken ƙarfin gwiwa. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York sun gabatar wa kotu hujjoji daga shari'o'i shida da ChatGPT ya ba su a wata ƙara da aka shigar kan kamfanin jiragen sama na Avianca, aka bincika aka tarar ba a taɓa yin ko ɗaya daga cikinsu ba, alƙali ya ci su tarar dala 5,000. A farkon 2024 kuma wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta tilasta wa kamfanin Air Canada biyan diyya ga wani fasinja da manhajar hira ta kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikiti, ta kuma yi watsi da hujjar kamfanin cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta. A duk shari'o'in biyu, wanda ya sa hannu ko ya mallaki na'urar shi ya ɗauki laifin.

To, ogan naki yana sa hannu a kan wasiƙun da wayarsa ta rubuta masa. ChatGPT bai san lambar fayil ɗin da wasiƙar ta dogara da shi ba, bai san abin da takardar sanarwar bara ta ce ba, bai san cikakken muƙamin babban sakatare ko sarautar hakimin da ake rubuta wa ba, balle ya san waɗanda ya wajaba a aika wa kwafi don kada a yi fushi. Duk waɗannan suna kanki. Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce, iya tsara jimlar Turanci mai kyau, wanda kika kwashe shekaru kina gogewa a kai, ya rage daraja. Wani bincike da aka yi a kan ma'aikata 5,179 masu amsa koken abokan ciniki ya gano cewa na'urar ta ƙara musu yawan aikin da suke kammalawa da kashi 14 cikin 100, amma sababbin ma'aikata ne suka fi cin moriyarta, da kusan kashi 34, ƙwararru kuwa ba ta ƙara musu abin a zo a gani ba. Abin da ya yi tsada yanzu shi ne idon da zai gano kuskure kafin takarda ta fita daga ofis.

Shawarata ita ce ki koyi amfani da na'urar har ki fi ogan naki iyawa, wanda bai kai wahalar barin tafireta zuwa kwamfuta ba. Daga nan ki roƙe shi cikin ladabi ya riƙa ba ki muhimman batutuwan da yake son wasiƙa ta ƙunsa, ke kuma ki fitar da daftari, ki tantance sunaye da ranaku da lambobin fayil da adadin kuɗi, sannan ki kai masa. Duk lokacin da kika kama kuskure a wadda ya rubuta da kansa, ki nuna masa a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Ki ƙara kula idan takardar da Hausa ce, domin rubutun Hausa da aka horar da waɗannan manhajoji da shi bai kai ko kusa da na Turanci ba, shi ya sa sukan ɓata haruffa masu ƙugiya, su kuma kawo jimlolin da Bahaushe ba ya faɗa.

TAMBAYA: Malam, ni akawu ne a wata makaranta mai zaman kanta. Ko zan iya zuba jerin albashin ma'aikatanmu a ChatGPT ya tsara mini shi, ya kuma fitar da harajin kowa?
Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Malam, kada ka yi haka. Duk abin da ka zuba a ciki ya bar kwamfutarka ya tafi rumbun kamfanin da ke wata ƙasa, kuma a nau'in da ake amfani da shi kyauta ana iya horar da manhajar da shi matuƙar ba ka kashe wannan zaɓi ba. Kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin ofis a watan Mayun 2023, bayan wasu injiniyoyinsa sun zuba bayanan sirri na kamfanin a ciki. A Najeriya kuma akwai Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta ɗora wa duk ma'aikatar da ke riƙe da sunayen mutane da lambobin asusunsu nauyin kare su. Ma'aikacin gwamnati kuwa yana da ƙarin takunkumi na Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962.

Hanyar da ta fi aminci ita ce ka bayyana wa manhajar yadda jadawalin naka yake, wato me ke shafi na farko da na biyu da na uku, ka ba ta misali da sunaye da lambobin ƙarya, ka nemi ta rubuta maka dabarar lissafin da za ka saka a Excel. Sai ka kwafe dabarar ka yi lissafin a kwamfutarka, ka gwada ta da albashin mutum biyu ko uku da ka riga ka lissafa da hannu kafin ka yarda da ita. Adadin harajin da za a cire kuma ka ɗauko shi daga takardar hukumar tara haraji ta jiharku, domin dokokin haraji suna sauyawa kuma manhajar tana iya ba ka tsohuwar ƙa'ida.