Motata Tana Ƙas-ƙas Amma Ta Ƙi Tashi: Batir Ne Ko Kik?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san filin nan na waya da kwamfuta ne, amma a yi mini haƙuri. Shekaranjiya da safe na murɗa makullin motata, sai kawai na ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, inji bai ko motsa ba. Abin da ya ɗaure mini kai, fitilun dashbod suna kamawa, rediyo ma yana yi. Wani ya ce batir ne, wani ya ce kik ne ya mutu. Ina kuma barin cajar waya da ƙaramar kyamara a jone dare da rana, ko su ne sanadi? Sannan akwai manhajar waya da za ta gaya mini abin da ke damun motar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ka yi ɓatan kai ba, Malam, domin matsalarka ta lantarki ce. Kafin ka sayi komai, ka sake murɗa makullin ka kasa kunne, don ƙarar nan ta riga ta faɗi rabin magana.

A jikin kik, wato na'urar da ke fara juya inji, akwai wani ɗan mulmulallen abu da ake kira solinoyid. Idan ka murɗa makulli, wuta kaɗan ce take fara isa gare shi, sai ya zama maganaɗisu, ya tura ƙaramin giyar kik ya kama haƙoran faifan inji, ya kuma haɗa babbar wayar batir da kik ɗin. Bugun da yake yi shi ne "ƙas" ɗin da kake ji. To idan batir ya yi sanyi, ƙarfinsa yana isa ya ja solinoyid, amma da kik ya nemi tasa wutar sai ƙarfin ya faɗi, solinoyid ya saki. Batir ya ɗan farfaɗo, ya sake kamawa, ya sake saki, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Saboda haka ƙas-ƙas mai sauri irin taka, mafi yawan lokaci wuta ce ba ta isa ba, kik ɗin lafiyarsa ƙalau.

Kamawar fitilun dashbod kuwa kada ta ruɗe ka. Su da rediyo amfiya kaɗan suke ci, alhali kik na ƙaramar mota mai fetur yana jan amfiya 100 zuwa 200, na dizal ya fi haka. Wanda ya ɗaga buta ba lallai ne ya iya ɗaga buhu ba. Ga gwaji mai sauƙi: kunna fitilun gaba, ka sa wani ya tsaya yana kallonsu, sannan ka buga kik. Idan suka dushe ko suka mutu gaba ɗaya, batir ne ko kawunansa. Idan haskensu bai ragu ba kuma ƙas ɗaya tak ka ji, zargi ya koma kan kik.

Kawunan batir ɗin nan nake so ka fara dubawa, domin yana yi mini ciwo in ga mutum ya sayi sabon batir alhali noti ɗaya ne ya kwance. Buɗe bonet ka duba inda wayoyin biyu suka kama batir. Za ka iya tarar da wani gari fari ko shuɗi-shuɗi ya yi tsiro a wurin kamar gishiri. Kama kan wayar da hannu ka gwada juya shi. Idan ya juya, ga ɓarawonka nan. Wuta kaɗan tana iya ratsa wannan dattin ta kunna rediyo, amma amfiya ɗari ba za su wuce ba. Zare makulli, ka fara cire wayar da ke da alamar ragi, sannan mai alamar tarawa. Dalili shi ne jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da ɓangaren ragi, idan ka fara da ɗayan kuma sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsin da zai tashi ba na wasa ba ne. Goge su da burushin ƙarfe har su yi ƙyalli, ka mayar da mai tarawa, ka ƙare da mai ragi, ka ɗaure tamau. Ka kuma bi baƙar wayar, wato mai ragi, har inda aka ɗaure ta a jikin mota ko inji, nan ma tsatsa tana cin ta. Kada garin nan ya taɓa idonka, akwai asid a cikinsa.

Idan kana da mitar awon wuta, ita ce za ta raba gardama. Batirin da ya cika, bayan mota ta huta, yana nuna kusan volt 12.6. Idan ka ga 12.2, rabi ne ya rage. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Lokacin da ake buga kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Bayan mota ta tashi, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. In ka ga tana aiki amma awon bai wuce 12 da ɗoriya ba, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ya caji, ko bel ɗinsa ya saki, kuma ko sabon batir ka saka, kwana kaɗan zai yi ya bi sahun tsohon.

Wajen jona batir da wata mota, jar waya a kan tarawa na batirinka, ɗaya bakinta a kan tarawa na mai lafiyar. Baƙar waya a kan ragi na mai lafiyar, bakinta na ƙarshe a jikin ƙarfen injinka, nesa da batir, saboda batir yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. In ta tashi, kada ka ɗauka zagaye na minti goma ya cika shi. A sa shi a caji sosai, a kuma gwada shi. Batirin mota yakan yi shekara 3 zuwa 5, zafi yana rage masa kwana.

Idan ƙas ɗaya ce mai ƙarfi kuma batir ya nuna lafiya, mai yiwuwa burushin cikin kik ya cinye ko bakin solinoyid ya ƙone. Wani lokaci ɗan ƙwanƙwasa jikin kik yana sa ya juya, amma wannan na kai mota wurin mai gyara ne kawai. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere. In kuma motar ta shiga ruwa mai zurfi ko baƙin mai ya ƙare kafin hakan ta faru, ka daina bugawa sam, inji ne zai iya kasancewa ya ƙage.

Yanzu ga cajarka da kyamara. Zare makulli ka duba ko 'yar fitilar cajar tana nan a kunne, don a wasu motoci soket ɗin yana mutuwa da an kashe, a wasu kuma ba ya mutuwa. Caja ita kaɗai ba ta cin abin kirki. Kyamarar ce nake zargi. A ce tana cin miliamfiya 300: a yini da kwana ta sha sama da amfiya-awa 7, ke nan batir mai amfiya-awa 60 ya koma rabi cikin kwana huɗu idan mota tana ajiye. In batirin dama ya tsufa, dare biyu ma ya isa.

Manhaja kuwa, waya ita kaɗai ba ta da hanyar sanin cikin motarka. Sai an haɗa da 'yar na'urar OBD-II, wadda ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta yi magana da waya ta Bluetooth. Tun 1996 aka wajabta wannan soket a motocin da ake sayarwa a Amurka, yanzu kusan kowace mota tana da shi. Za ta nuna maka ƙarfin batir da lambobin matsala, sai dai kik da ya gaji ko kan batir da ya kwance sau da yawa ba sa barin wata lamba. Ka riƙa cire ta in ka gama, ita ma tana shan wuta ko mota a kashe take.

Tambaya: Malam, motata mai giyar otomatik ce. In batir ya mutu, zan iya tayar da ita da fawa bank ɗin wayata, ko a tura ta?

Amsa: Duka biyun a'a, 'yar'uwa. Fawa bank na waya yakan ba da volt 5 ne da amfiya 2 ko 3, ko kusa bai kai abin da kik yake nema ba. Akwai dai wani mai kama da shi da aka ƙera musamman don tayar da mota, yana zuwa da ja da baƙin maƙalai. Shi yana aiki, muddin kina cajinsa duk bayan 'yan watanni. Turi kuma na mota mai kuloci ne, otomatik ba ta tashi da shi. In kin murɗa makulli ba ki ji ko ƙas ba, ki tabbatar giya tana kan P, ki taka birki, in ta ƙi ki mayar da ita N ki sake gwadawa.