Hon ɗin jirgin ƙasa da jira a shinge: me gari zai iya yi?

Tambaya: Malam, gidanmu yana dab da layin dogo. Da dare hon ɗin jirgi ba ya barin yara su runtsa, da safe kuma a rufe shinge mu yi ta jira, wani lokaci har minti 20. Ba za a iya hana direbobin jirgi danna hon a cikin gari ba ne? Yaya ake yi a wasu biranen?

Amsa: Ɗan'uwa, kukanka yana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoran da ta fitar wa ƙasashen Turai a 2018, ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar jirgin ƙasa ya wuce desibel 44 da dare (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), saboda illar da take yi wa barci. Amma zan fara da abin da ba za ka so ji ba: kada ku nemi a kashe hon tun ba a gyara mashigar ba, wato inda titi ya ratsa layin dogo.

An gwada hakan. A 1984 jihar Fulorida ta Amurka ta ba garuruwa damar hana hon da dare a wani layi na gabar gabas. Mutane sun samu barci, amma haɗurran dare a mashigun nan sun kusa ninkawa uku, har a 1991 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin gaggawa aka dawo da hon. Dokar da ake bi a can tun 2005 ta wajabta wa direba ya fara dannawa daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ya iso titi: dogo biyu, gajere ɗaya, sannan dogo, da ƙarfin desibel 96 zuwa 110. Ita dai wannan doka ta yarda gari ya kafa yankin shiru, mai tsawon aƙalla mita 800, muddin ya sa wani abu da zai maye gurbin hon. Ka san mai motar nan da zai ga sanda ta sauka, ya leƙa dama da hagu, ya karkata ta hannun da babu shinge ya sulale? Saboda shi ake sa sanduna huɗu su toshe titin gaba ɗaya, ko a gina dakali a tsakiyar titi yadda ba zai iya tsallakawa ɗaya hannun ba. Wasu garuruwan sukan kafa hon a jikin turke a bakin mashigar, yana fuskantar motoci, sai ƙarar ta tsaya kan masu wucewa maimakon ta game unguwa.

Sauran ƙarar daga ƙafa da dogo take fitowa. Tsofaffin taragun kaya suna da birki na ƙarfen zubi, wanda duk lokacin da ya kama yake kankare fuskar ƙafar ya bar ta da kaushi, ƙafa mai kaushi kuwa ruri take yi a kan dogo. Jamus ta hana irin waɗannan taragu tun Disamban 2020, aka koma birkin da aka yi da haɗin wasu kayayyaki, wanda ke barin ƙafar sumul. Ragin yakan kai desibel 10, wanda a kunne kamar an rage rabin ƙarar ne. Ana kuma yi wa dogo walda don a kawar da ƙwanƙwasar gaɓoɓi, a goge shi, a sa maiko a kwana. Katanga tana taimako, sai dai mai ɗaki a saman bene ba ya cin moriyarta sosai.

Jira ya fi wuyar magani. Jirgi mai kaya yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, don haka dole titi ne zai haƙura. Kuma galibi gari ba shi da iko da layin. A Amurka jihohi da dama sun yi dokar ƙayyade mintunan da jirgi zai tare hanya, kotuna suka yi ta rushe su, suna cewa hurumin tarayya ne. Abin da ya fi damuna a nan shi ne motar asibiti ko ta kashe gobara da za ta iske shinge a rufe. Akwai dabarun rage zafi: na'urar da ke auna gudun jirgi don kada shinge ya sauka da wuri, da mayar da wurin haɗa taragu nesa da titi.

Maganin da ke kashe matsalolin biyu lokaci guda shi ne a raba titi da dogo, domin inda babu mashiga babu dalilin hon. A Los Anjalas an buɗe layin Alameda a 2002, mai tsawon kilomita 32, rabinsa a cikin rami mai zurfin mita 10, ya kawar da mashigu fiye da 200. Ya ci dala biliyan 2.4. A Melbon ta Ostireliya an fara cire mashigu a 2015 da niyyar 50, daga baya aka ɗaga adadin zuwa 110, wani wuri a ɗaga layin sama, wani wuri a nutsar da shi. Kuɗin yana da yawa ƙwarai, shi ya sa ake farawa da mashigar da ta fi muni. Japan ma'auni gare ta: mashigar da ke rufe minti 40 ko fiye a cikin awa ɗaya ta cunkoso, suna ce mata mashigar da ba ta buɗewa.

Don haka ku haɗu da maƙwabta ku buɗe littafi na wata guda. Ku rubuta ƙarfe nawa shinge ya sauka, ƙarfe nawa ya tashi, motoci nawa suka taru, sau nawa aka danna hon tsakanin ƙarfe 10 na dare da asuba. Ku kai wa hukumar gari da kamfanin jirgin tare, ku nemi sanduna huɗu da dakali tukuna, sannan a sa mashigarku cikin jerin waɗanda za a yi wa gada.