Me mutum ɗaya zai iya yi kan hayaƙin da ke ɗumama duniya?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ke da ke zaune a Jos, ba mota ba masana'anta, kina da abin da za ki rage. Akwai, kuma yawancinsa a kicin yake.

Ki fara da gawayi. Kafin buhu ɗaya ya iso gari, an sare itatuwa an turara su ƙarƙashin ƙasa, mafi yawan itacen ya tafi a hayaƙi tun a daji. Najeriya ta yi alkawari a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 za ta daidaita hayaƙinta, wato wanda take fitarwa ba zai wuce wanda ake janyewa daga iska ba, amma ni motocin gawayin da nake gani a hanya sun fi tayar min da hankali. Idan gas ya yi miki tsada, ki nemi murhu mai tattalin gawayi, ki jiƙa wake tun dare, ki riƙa rufe tukunya. Da hunturu kuma, don Allah kada ki kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Ki daina ƙona leda, yaranki ne ke shaƙa. Ɓawon dankali da ganyen kabeji kuwa, ki zuba su a rami su zama taki.